Shafin Garinmu da ke Ƙarƙashin Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a yankin Bebeji, dangi suka ɗora mini wani aiki da ban taɓa tunanin zai zo hannuna ba. Masu yawan tambayata yadda aka yi na san harkar shafin intanet, yau ga amsarku. Ba ilimi ne ya kai ni ba. Wayar ɗan kawuna ce ta faɗa ruwa.

Mu asalinmu mutanen wani ƙaramin gari ne da ruwa ya shafe lokacin da aka yi dam ɗin Tiga. Ni ban taɓa ganin garin ba, tun mahaifiyata tana yarinya aka tashe su. Wasu suka zauna nan bakin ruwa suka kama sana'ar su da noman rani, wasu suka yi Kiru da Dangora, wasu Tudun Wada, wasu suka nausa har Doguwa. Mun taso muna jin manya suna cewa "a tsohon gari", kamar wani wuri ne da in ka hau mota za a sauke ka.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya fi kowa riƙe labarin. Manomi ne da ruwa ya mayar masunci. In yana ɗinkin taru a rumfarsa, sai ya yi ta zayyano unguwanni, gidan wane yana kallon gidan wane, ga inda marina take, ga inda ake ɗaure jakuna ran kasuwa. Babban ɗansa, shi ma masunci, ya shiga naɗar muryarsa a waya yana turawa zauren hira na waya da dangi suka buɗe. Da wasu tsofaffin suka ji, su ma suka fara turo nasu. To, kun san halin zaure. Yau labarin tsohon gari, gobe sanarwar suna, jibi hoton barka da Juma'a. Waya ta cika, kowa ya goge. Mutum ɗaya ne ya adana komai, shi ne ɗan kawun nan nawa. Wata safiya ya sunkuya yana jawo taru cikin kwale-kwale, wayar ta zame daga aljihun gaba ta nutse.

Cikin muryoyin da suka tafi har da na tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya. Da aka gaya wa Kawu bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "To, ta je gida."

Ba a jima ba aka yi bikin wata 'yar uwarmu a Tudun Wada, dangi suka haɗu. A nan aka yanke shawarar a buɗe shafin intanet, wurin da za a riƙa ajiye muryoyi da hotuna da rubutu, ba a aljihun kowa ba. Da aka zo kan wa zai yi, sai duk aka juyo ana kallona. Wai ai Malama ta yi kwas ɗin kwamfuta. Gaskiya na yi. Abin da na fito da shi daga kwas ɗin shi ne buga wasiƙa da kashe kwamfuta ba tare da na zare waya daga bango ba. Amma a gaban iyaye, ga shi an kira ni Malama, ina zan iya cewa ban iya ba? Na ce in sha Allahu.

Na koma gida na buɗe tsohuwar kwamfutar mijina na fara bincike. A nan na fara sanin cewa shafi ba ya tsayuwa shi kaɗai. Akwai wata manhaja a bayansa, wadda mai shafi yake shiga ya zuba rubutu ko hoto ko murya, ita kuma ta jera su yadda baƙo zai gani. Kuma ba ɗaya ba ce, suna da yawa, kowace da masu yabonta da masu kushe ta. In karanta wannan ya ce wance ta fi, in karanta wancan ya ce duk wanda ya ɗauke ta zai yi da-na-sani. Sai da kaina ya yi zafi.

Daga ƙarshe na yi abin da nake yi in na shiga kantin atamfa, na ɗauki wadda ta fi ɗaukar ido. Ta wani kamfani ce na ƙasar waje, haya ake yi, kowane wata a biya da kuɗinsu, amma suna ba da ɗan lokaci na gwaji kyauta. Kai, tana da kyau. Hotuna suna zamewa a hankali, rubutu yana bayyana kamar ana yaye labule. Na yi kwanaki ina zaɓe tsakanin shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske, saboda ina so shafin ya yi kalar ruwa. Ban ɗora muryar ko mutum ɗaya ba, amma a raina na gama aiki.

Ƙanin mijina yana Kano, sana'arsa ke nan, gina wa kamfanoni shafuka. Da ya zo mana ƙarshen mako, na ajiye masa abinci na ajiye masa kwamfuta a gefe, ina jiran yabo. Ya ci, ya duba, ya sake ci.

"Matarmu, wannan ai shafin otal ne," in ji shi. "A ina ake kama ɗaki?"

Na ce masa in ba zai yaba ba ya tashi ya bar mini tuwona. Ya yi dariya. Sai na ce, to tunda shi ne gwani, ya gina mana da kansa mana, tun daga tushe.

"Zan iya," ya ce. "Zai ma fi wannan kyau. Amma ba zan yi ba."

Na zaci wasan da muka saba ne, sai na ga ya ajiye cokali.

"In na gina da hannuna, ko waƙafi kike so a canza sai kin neme ni. Yau ina Kano, ban san inda aiki zai jefa ni gobe ba. Kun riga kun ga abin da ke faruwa in komai yana hannun mutum ɗaya. Kar ki mayar da ni wata wayar."

Daga nan ya shiga yi mini tambayoyi. Su wa za su riƙa ɗora abubuwa, ni kaɗai ko har da wasu? Da kwamfuta ko da waya? A ina suke zaune, yaya sabis yake a can? Ran da muka kasa biyan haya, ko muka so tashi daga wannan kamfani, za a ba mu kayanmu mu tafi da su? Ni dai na san shuɗina.

Raina ya ɓaci sosai. Da ya fita masallaci na ce wa mijina ƙaninsa ya zama babban mutum, ya fi ƙarfin aikin dangi. Mijina ya ce, "Ki dai saurare shi," ya ci gaba da abin da yake yi.

Kafin ya koma Kano sai da ya kafa mini wata manhajar daban don gwaji. Ya ce wannan ba ta wani kamfani ɗaya ba ce, kyauta ce, mutane da yawa a duniya suna amfani da ita, wurin ajiya kawai za mu riƙa biya a shekara. Ya ce ko shi ya ɓace, a Kano kaɗai za a samu masu gyara ta da yawa. Na duba. Fari fat, rubutu baƙi, kamar takardar jarrabawa. Na ce wannan ko kyauta ce an cuce ni.

"Kar ki yarda da ni, kar ki yarda da idonki," ya ce. "Kai su duka biyun bakin ruwa, ki miƙa wa waɗanda za su yi amfani da su."

Haka aka yi. Wata Asabar da hantsi muka je gidan Kawu ni da mahaifiyata. Ɗan kawuna ya yi sabuwar waya, mai igiya a wuya wannan karon. Na fara buɗe masa tawa manhajar mai kyan. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Muka jira. Yana ta juyawa. Kawu ya gama ɗinke wata ɓarakar taru, ya ɗago ya ce, "Ko sai an yi mata kirari ne?"

Da ƙyar ta buɗe. Mahaifiyata, wadda ta koyi karatun boko a ajin manya kuma take ji da shi, ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido tana haɗa baƙi. Na rubuta "Ƙofar gabas" a saman wani hoto. Ta ce, "Wannan akwatin fa? Ofar gabas?" Na leƙa. Duk inda baƙi mai lanƙwasa yake, ɗan akwati ne a wurin. Kyakkyawan salon rubutun da na zaɓa bai san da ƙa da ɗa da ɓa ba.

Ɗayar kuwa, marar kyan, ana taɓa ta ta buɗe. Ɗan kawuna ya naɗi Kawu yana bayanin marina, ya ɗora tun muna zaune. Mahaifiyata ta danna a tata wayar, sai ga muryar yayanta tana fitowa, shi kuma yana zaune a gabanta yana gyaɗa kai, yana gaskata kansa.

Duk mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa na ce ai matsalar sabis ce, kuma salon rubutu ana canza shi. Na koma gida da shuɗina a zuciya. Abin da ya raba ni da shi a Dangora yake jirana.

Akwai wani dattijo a can, tsohon malamin gona, wanda kusan duk mutanenmu na Kiru da Dangora suke jin maganarsa. Baba muke ce masa. Sa'an Kawu ne, tare suka yi wasan ƙasa, amma shekara da shekaru in ba gaisuwar mutuwa ba, ba abin da ke haɗa su. Dalili kuwa rijiya ce. Babbar rijiyar tsohon gari, Kawu ya ce kakansa ne ya haƙa, Baba ya ce nasa kakan ne. Rijiyar tana can ƙarƙashin dam, kifi ne kawai ke shiga cikinta, amma maganar ba ta mutu ba. Labari ya iso mana cewa Baba ya ce mutanensa ba za su ba da ko kalma ɗaya ba. In haka ta tabbata, rabin gari ke nan ba ya cikin shafin.

Mahaifiyata ta ce mu je. Muka hau motar haya, muka same shi a zaurensa yana sauraron rediyo. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da awaki, amma bai tambayi Kawu ba. Aka kawo fura. Sai da muka sha sannan ya ce, "Na ji ana haɗa tarihin garinmu a gidan masunta."

Na ce, "Baba, tarihin kowa ne. Shi ya sa muka zo."

"Madalla. To in tambaye ki, 'yata. In na faɗi nawa aka ɗora, wa zai iya goge shi?"

"Ni, Baba."

"Sai wa?"

"Ni kaɗai."

"Ke kuma 'yar ƙanwarsa ce." Ya ɗaga hannu kafin in yi magana. "Ba zargin ki nake ba. Na san gidan da kika fito. Amma ran da ya kira ki ya ce abin da na faɗa ƙarya ne, ki cire, za ki iya ce masa a'a?"

Mahaifiyata ce ta amsa. Ta ce, "Ba za ta iya ba, Yaya. Ni ma da na haife ta ba zan iya ba."

Na nemi izini na kira ƙanin mijina, na sa wayar a fili kowa yana ji. Na gaya masa tambayar Baba. Ya ce a manhajar da nake so, mai shafi ɗaya ne, komai da sunansa yake, in ana son ƙarin masu shiga sai an ƙara kuɗin haya, kuma duk da haka mai shafin ne mai iko. A ɗayar kuwa, ana iya yanka makullai iya yadda ake so, wato kowa da sunansa da lambar sirrinsa. Mai ƙaramin makulli nasa kawai yake iya taɓawa, ba ya iya taɓa na wani. Babban makulli kuma ana iya ba mutum fiye da ɗaya. Duk wanda ya canza wani abu ko ya cire, manhajar tana riƙe sawunsa, kuma ana iya dawo da abin yadda yake.

Baba ya kashe rediyo ya matso. Ya shiga yi wa ƙanin mijina tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. In wurin ajiyar ya ƙone fa? Aka ce ana iya sauke kwafin komai a ajiye a gida. A gida nawa? Ko nawa ake so. In shi mai maganar ya mutu fa? Ƙanin mijina ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sa na ƙi gina musu da hannuna."

"Yaron nan yana da hankali," in ji Baba. "Wannan za a ɗauka."

Ban san lokacin da na ce, "Amma Baba, ba ta da kyau," ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Garin ma ba shi da kyau, 'yata. Gidajen ƙasa ne da kwatami. Mu ne dai muke son sa."

A motar dawowa na buɗe waya na rufe shafina mai shuɗi. Mahaifiyata tana kallona ta gefen ido, sai ta miƙo mini gyaɗa.

Aka raba babban makulli uku. Ɗaya wurina, ɗaya wurin Baba, ɗaya wurin wata ma'aikaciyar jinya a Tudun Wada da ta haɗa jini da ɓangarorin biyu. Kowannenmu kuma yana ajiye kwafi a garinsu. Ƙananan makullai muka yanka wa duk wanda ya nema, har da mahaifiyata.

Abin da Baba ya fara ɗorawa, kun riga kun sani. Rijiya. Ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan, da muryarsa ta malamin gona, yadda kakansa ya zo da mahaƙa, da abin da aka yanka ran da aka cim ma ruwa. Ɗan kawuna ya kunna wa mahaifinsa. Da yamma aka aiko in zo.

Na samu Kawu a rumfa, ko taru bai taɓa ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Cire wannan."

Tunda nake ban taɓa yi masa musu ba. Na ce, "Kawu, in na cire zai gani, sunana zai fito. Kuma shi ma yana da makulli, zai dawo da ita."

"Ke kika ba shi?"

"Ni ce, Kawu. Kai ma ga naka nan a wayar ɗanka. Shi ma ba zai cire taka ba tare da kowa ya gani ba."

Ya yi ta kallona har na sunkuyar da kai. Can ya juya ga ɗansa ya ce, "Ɗauko wayar. Naɗi tawa."

Daga ranar aka buɗe fage. Baba ya ɗora, Kawu ya mayar, Baba ya sake. Kowa yana so ya nuna shi ya fi sanin wurin, sai ya kawo hujja. Wannan ya ce ai in ka fito daga masallaci ka bi hagu, gidan kakansa ne na farko kafin rijiyar. Wancan ya ce ƙarya ne, akwai rumbunan wane a tsakani, da wata bishiyar kanya da tsawa ta tsaga. Cikin musun nan suka zayyane hanyoyi, da itatuwa, da sunayen matan da ke ɗiban ruwa da asuba, abubuwan da in ni na zauna ina tambaya ba za su taɓa tunowa ba. Wata tsohuwa daga Doguwa ta sa aka naɗe ta tana cewa dukansu yara ne a lokacin, su bari ta gaya musu. Wani daga Burumburum ya turo hoton gugan da ya ce da shi aka yi ɗiban ƙarshe. Mutanen da ban taɓa jin sunansu ba suka yi ta neman makulli.

A tsakiyar wannan ƙanin mijina ya samu aiki a Legas ya tafi. Wata rana na danna wani abu da bai kamata ba, shafin duka ya koma fari, ba komai. Na yi ta kiran sa yana cikin taro. Hankalina ya tashi har na kasa cin abinci. Washegari na shiga Kano, aka nuna mini wata mata mai shagon gyaran kwamfuta. Ta duba ta ce, "A'a, wannan ce? Zauna." Kafin in gama shan ruwan da ta ba ni, komai ya dawo. Ba ta taɓa jin sunan garinmu ba, amma ta san manhajar.

Da damina ta kama, Kawu ya kwanta ciwo. Jikin ya yi nauyi, muryoyinsa suka daina fitowa a shafi. Baba ya ɗora ɗaya, shiru. Ya ɗora wata, shiru. Sai ya kira ni ya ce, "Lafiya mutumin naki bai ba ni amsa ba?" Na gaya masa.

Kwana kaɗan bayan haka ina gidan Kawu da rana, sai muka ji sallama. Baba ne, da sandarsa, takalmansa duk taɓo. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da gadon. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Baba ya tambayi jiki, ya yi addu'a. Ni da mahaifiyata muna bakin ƙofa, ba mai motsi.

Can Kawu ya ce, da muryar da ta dushe, "Ka zo ka janye maganarka ne?"

"Na zo in ga ko ka janye taka."

Kawu ya fara dariya, tari ya sarƙe shi. Baba ne ya tallafo kansa ya ba shi ruwa. Ya wuni a nan, sai bayan la'asar ya tafi. Ba su ƙara haɗuwa ba. Kafin a fara girbi Allah ya yi wa Kawu rasuwa.

Bayan an share makoki, wata safiya ina shirin tafiya makaranta na ga Baba ya ɗora sabuwar murya. Na tsaya a tsakar gida da jaka a kafaɗa na kunna. Ya ce yau ba musu zai yi ba. Ya ce ran da motocin kwashe mutane suka zo tsohon gari, shi yana can makarantar koyon aikin gona. Mahaifiyarsa ba ta iya tafiya, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta ba. Kowa yana ta kansa da kayansa. Kawu ne, yana saurayi, ya bar kayan gidansu a hanya ya shiga ya yi ta lallashin ta, ya goya ta a bayansa har bakin mota, sannan ya koma ya ɗauko mata turminta don ta ce ba ta tafiya ba shi. Baba ya ce, "Wannan ba za ku ji shi a cikin muryoyinsa ba, don ba mai faɗin alherinsa ba ne. Ni na sani, yanzu ku ma kun sani. Allah ya jiƙan sa." Na zaci ya gama. Sai ya ƙara da cewa, "Rijiya kuwa, kakana ne ya haƙa."

Ran nan na makara. Ina kuka ina dariya, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

In na tuna wannan lokaci, godiya ce ke cika mini zuciya. Ina gode wa ƙanin mijina da ya ƙi yi mini abin da na roƙa, ya jure fushina. Daga baya na ba shi haƙuri, ya ce in biya shi da dambun nama, kuma har yau bai ce an gama biya ba. Ina gode wa Baba da ya yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba. Ni na ɗauka zaɓen manhaja zaɓen kwalliya ne. Ashe zaɓe ne na wa zai iya magana, wa zai iya hana wani, kuma me zai rage in mai riƙe da abin ya kau. Shi ya sa in ɗayanku ya turo mini yana tambaya wacce manhaja ta fi, ba na ba shi suna. Sai in ce ya fara gaya mini su wa za su zuba abu a ciki, da wace irin waya, a wane gari. In ya ga kamar ina ja masa rai, na san yadda yake ji.

Shafin yana nan, fari da baƙi, ba wanda ya taɓa yaba kyansa. Baba ya tsufa sosai, ido ya yi rauni, lambar sirrinsa kuma ba ta zama a kansa, sai ya kira ni in sake masa wata. Na ɗauka bayan Kawu zai rasa abokin musu, ya yi shiru. Ashe mahaifiyata tana nan tana sauraro. Wata rana ta saka tabarau, ta shiga da makullinta, ta naɗi murya ta ce da girmamawa, Yaya, wato Baba, ya yi kuskure a kan inda bishiyar kanya take, kuma tunda aka zo maganar, rijiya kakansu ita da Kawu ne ya haƙa.

Baba ya kira ni a ranar. Muryarsa cike da murna. Ya ce, "'Yata, sake mini lambar nan da sauri. Uwarki ta taɓo ni."